Daga Ɗakin Sabar: Tsohuwar Laftof, Filashin Bogi da Kiran Tsakar Dare

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun wannan wata sun yi yawa, amma kusan rabinsu tambaya ɗaya ce: wace waya ce ta fi, wace kwamfuta zan saya. Waɗannan na ajiye su gefe, domin ni ba dillali ba ne. Aikina kula da sabar (babbar kwamfutar da sauran kwamfutocin ofis ke dogaro da ita) da layukan intanet na wata ma'aikata a nan Kano, kuma abin da ya fi zuwa teburina shi ne kayan da aka riga aka saya suka fara ba da wahala. Ga waɗanda na zaɓa.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni malamar sakandare ce. Ina da laftof ta hannu da na saya shekarun baya, da ita nake buga jarabawa da haɗa sakamakon ɗalibai. Yanzu idan na kunna ta sai na ɗora ruwan shayi ya tafasa kafin ta gama buɗewa, ga kuma wani saƙo da take nuna mini wai Windows 10 ya ƙare. Mai gyara ya ce in sayar in sayi sabuwa. Albashin malami kuwa ka san shi. Me ka gani? — Wata malama, Zariya

Amsa: Malama, kada ki yi saurin rabuwa da ita. Matsala biyu kika haɗa a wasiƙa ɗaya, kuma kowace da maganinta.

Ta farko nauyin. Yawancin tsofaffin laftof ba ƙwaƙwalwarsu ce ta gaji ba, ma'ajiyar ce. Tsohuwar ma'ajiya, wato HDD, faranti ne na gaske a ciki yana juyawa sau 5,400 a minti ɗaya, da wani ɗan hannu yana shawagi a kansa yana neman abin da kika nema. Ki kara kunnenki kusa da madannai lokacin da take buɗewa, za ki ji wani ƙas-ƙas-ƙas a hankali. Hannun ne ke kai-kawo. Sabuwar ma'ajiya, SSD, babu abin da ke motsi a cikinta, kuma ko mai arahar cikinsu tana ninka waccan sauri sau huɗu zuwa biyar wajen karanta babban fayil, wajen ƙananan fayiloli kuwa tazarar ta fi haka nesa ba kusa ba. Ki sa a saka miki mai 256GB, ta ishi aikin malanta. Idan RAM ɗinki, wato wurin da na'urar ke riƙe aikin da take yi a lokacin, 4GB ne a ƙara ya zama 8GB. Kuɗin duka biyun bai kai na sabuwar laftof ba ko kusa. Tsohuwar ma'ajiyar kuma kada ki bar wa mai gyara, ki karɓi abarki a hannu, sakamakon 'ya'yan mutane na ciki. Akwai ɗan akwati da ake sayarwa a saka ta, ta koma ma'ajiyar waje.

Tunda za a buɗe ta, a hure fankar. Ƙurar hunturu takan taru a bakin inda iska ke fita har ta zama kamar auduga, na'urar ta yi zafi, ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Kuma a daina ɗora ta a kan katifa ko filo, ta ƙasa take shaƙar iska.

Ta biyu ita ce mai wuyar. Saƙon gaskiya ne: Microsoft ta daina ba Windows 10 gyaran tsaro na kyauta daga 14 ga Oktoba 2025, sai dai wani shirin ƙarin wa'adi da ta buɗe wa masu amfani a gida zuwa Oktoba 2026. Kwamfutar ba za ta mutu ba, za ta ci gaba da aiki. Abin da ya tsaya shi ne toshe ɓarakar da ake ganowa lokaci-lokaci. Mutane na raina wannan, ni ba na raina shi. A watan Mayun 2017 cutar WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe fiye da 150, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida, alhali tun watan Maris Microsoft ta fitar da maganin ɓarakar. Waɗanda abin ya ci su ne waɗanda ba su saka ba.

To ko taki za ta ɗauki Windows 11? Ki duba sunan ƙwaƙwalwar a Settings, wurin About. Idan kika ga irin i5-8250U, lambar farko bayan ɗan layin 8 ce, kin tsira, domin daga zubi na 8 na Intel zuwa sama Windows 11 ke karɓa. Idan 6 ce ko 5 ko 4, ba ta cikin jerin. Masu gyara sun san dabarar cusa shi ta ƙarfi, kuma yakan yi aiki, amma ban so wa mai aikin jarabawa, don babu tabbacin sabuntawa za ta ci gaba da zuwa lafiya. Ni da tawa ce Linux Mint zan saka, wani tsari ne da ke maye gurbin Windows. Kyauta ne, ba shi da nauyi, yana zuwa da LibreOffice da ke buɗe takardun Word da Excel. Sai dai kafin ki yanke shawara ki sa a kunna miki shi daga filashi ba tare da an goge komai ba, ki buɗe takardar jarabawarki mai tebura da yawa ki ga ko layukan sun zauna, ki gwada firintar makarantarku. Idan waɗannan biyun sun yi, sauran duk sabo ne.

In kuma a ƙarshe wata ta hannun za ki saya, ki tsaya a gaban mai shagon ki buɗe Command Prompt ki rubuta powercfg /batteryreport. Zai fito miki da abin da batirin yake ɗauka yana sabo da abin da yake ɗauka yanzu. Yadda fuskar mai shagon za ta yi lokacin da kike rubutawa ma wani bayani ne.

Tambaya: Injiniya, ina da shago a Kantin Kwari. Yarona ya sayo mini filashi mai 1TB da araha, muka kwashe lissafin bashi da hotunan rasit na shekara biyu muka zuba a ciki, muka goge na kwamfutar don ta samu wuri. Yanzu sunayen fayilolin suna nan amma ko ɗaya ba ya buɗewa. Akwai yadda za a yi? — Wani ɗan kasuwa, Kano

Amsa: Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Ba zan ɓoye maka ba, da alama filashin bogi aka sayar wa yaron. Araha ba ta ado.

Ga yadda ake yin su. Ana ɗaukar ƙaramin filashi, ƙila mai 8GB, a sauya bayanin da yake faɗa wa kwamfuta game da kansa, sai ya riƙa cewa shi 1TB ne. Kwamfuta ba ta da hanyar musu, sai ta yarda. Kana zuba kaya yana karɓa. Da ainihin wurin ya cika, sai ya koma yana rubutu a kan na farko ko ya riƙa zubar da sabon, amma jerin sunayen yana nan daram. Shi ya sa kake ganin suna babu ciki. Abin da aka rubuta wani a kansa ya tafi, duk wanda ya ce maka zai dawo da shi duka kuɗinka yake so.

Fatanka yana wurin kwamfutar, ba filashin ba. Daga yau kada a ƙara ajiye komai a cikinta, a kashe ta. Fayil ɗin da aka goge yakan zauna a ma'ajiya har sai an rubuta wani abu a gurbinsa, musamman idan tsohuwar ma'ajiya ce mai faranti. A fara duba kwandon shara na kwamfutar, sau da yawa a nan ake tsintar komai. In babu, a kai wa wanda ya iya, ya cire ma'ajiyar ya haɗa ta da wata na'ura ya bincika. Sannan ka sa yaran shago su duba wayoyinsu, rasit nawa aka tura wa abokan ciniki ta WhatsApp? Duk suna nan.

Nan gaba, duk filashin da aka sayo a gwada shi da wata 'yar manhaja ta kyauta mai suna H2testw kafin a ba shi amana. Tana cika shi taf, ta karanta, ta faɗi gaskiyar girmansa. Kuma abin da kuka yi ba ajiya ba ce, ƙaura ce: kun ɗauke kwafi ɗaya tilo daga wuri kun mayar wani wuri. Mu a wurin aiki ƙa'idarmu kwafi 3, a kan na'ura iri 2, kuma 1 daga ciki ba a ginin ba. Wannan na ƙarshen ba sai na yi wa ɗan kasuwar Kano dogon bayani ba, duk wanda ya ga gobarar Kasuwar Sabon Gari ta 2016 ya san kwamfuta da filashin da ke aljihun tebur ɗaya tare suke tafiya. Adireshin Gmail yana zuwa da 15GB kyauta, lissafin shago ba zai cinye shi ba. Littafin bashi na takarda kuma kada ka yar da shi don an samu kwamfuta. Duk ranar Alhamis kafin a rufe shago a ɗauki hoton shafukan makon a tura can.

Tambaya: Gaskiya ne barin waya a caji har safe yana kashe batir? — Wani ɗalibi, Maraɗi

Amsa: Ƙanena, wayoyin yanzu suna yanke cajin da kansu idan sun cika. Abin da ke cin batir zafi ne. Waya a ƙarƙashin filo tana caji, ko a gaban mota da rana a watan Afrilu, ko ana buga wasa da ita tana jone har ta yi zafin da ba ta riƙuwa, wannan shi ne kisan. Idan wayarka na da zaɓin tsayar da caji a kashi 80, kunna shi. Idan kuma ka ga bayanta ya fara ɗagowa, batirin ya kumbura, kada ka danna shi, kada ka ƙara jona ta, a sauya shi a ranar.

Tambaya: Yaya, na gama karatun kimiyyar kwamfuta, na gama bautar ƙasa. Ina sha'awar irin aikinku amma abokaina duk sun koma rubuta manhaja, suna cewa aikin kula da na'urori wahala ce babu godiya. Ka faɗa mini gaskiya, kuma me zan fara koya? — Wani matashi, Kaduna

Amsa: Abokanka ba su yi ƙarya ba a kan godiyar. Mai wannan aiki kamar mai kula da famfon masallaci ne, ba wanda ya san sunansa sai ranar da aka zo alwala babu ruwa. Wata zai wuce komai na tafiya daidai, sai wani ya tambaya wai shi wannan me yake yi ne a ɗakin nan mai sanyi. Imel ya tsaya minti goma, sai a sake tambaya, wai me yake yi ne.

Kuma ka shirya, duk abin da ke da waya a jikinsa naka ne. Firinta ta cije takarda, kai. Na'urar sanyaya ɗaki ta ƙi, kai. Ɗan maigida ya manta lambar buɗe wayarsa, kai. A gidan biki ma ba ka tsira ba, kana cin shinkafa wani kawu zai miƙo maka waya ya ce duba mini, ta cika.

A ƙasar nan rabin aikin ma wuta ne. Sabar ba ta son a yanke mata wuta bagatatan, don haka kafin ka san sabar sai ka san UPS, na'urar batir da ke riƙe wuta idan an ɗauke, ka san inbata, ka san daƙiƙa nawa janareta ke ɗauka kafin ya karɓa. Batiran UPS na dalma an yi su ne don ɗaki mai kimanin digiri 25, kuma duk ƙarin digiri 10 yana raba tsawon rayuwarsu kusan biyu. Ka lissafa da zafin Kano. Akwai wani ƙara da UPS ke yi idan batirinsa ya kusa ƙarewa, ɗit-ɗit-ɗit da sauri, wanda duk mai wannan sana'a yana jin sa ko cikin barci. Kiran tsakar dare kuwa yana cikin aikin, gara ka faɗa wa wadda za ka aura tun yanzu.

Wani lokacin laifin ba naka ba ne, ba kuma na kowa a ƙasar ba, amma kai za a tsare. Ranar 14 ga Maris 2024, farkon azumi, manyan wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da ACE da SAT-3 da MainOne, suka lalace a gaɓar Kodebuwa. Najeriya da Ghana da maƙwabta suka shiga wahala, manhajojin bankuna suka riƙa ƙin aiki, gyaran ya ɗauki makonni domin sai jirgin ruwa ya je ya ciro wayar. Ka je ka yi wa mai azumin da kuɗinsa ya maƙale bayanin ƙarƙashin teku ka gani. Watanni huɗu bayan nan, ranar Juma'a 19 ga Yuli, kamfanin tsaro na CrowdStrike ya tura wata sabuntawa mai kuskure, na'urorin Windows kusan miliyan 8.5 suka faɗi a duniya bisa ƙiyasin Microsoft, jirage suka kasa tashi. Gyaran kuma da hannu ne: a je gaban kowace na'ura, a kunna ta ta wata hanya ta musamman, a goge fayil ɗaya. Irinmu ne suka kwana suna yi. Shi ya sa ni ba na taɓa sabar ranar Juma'a sai dole, kuma ba na saka sabon abu a kan na'urori duka lokaci ɗaya. A fara da biyu ko uku, a kwana, a gani.

Duk da haka ina son aikin, kuma dalilina shi ne babu ranar da za ka ce ka gama sani. Mai rubuta manhaja ya san ɗakinsa, kai kuwa dole ka san gidan duka, daga soket zuwa imel ɗin shugaba.

Abin da za ka fara: ka samu tsohuwar kwamfuta ka saka mata Linux, Ubuntu ko Debian, ka yi aiki da ita ta rubutaccen umarni ba da linzami ba. Ka fahimci yadda adireshin IP da DNS da DHCP, wato hanyoyin da na'urori ke samun adireshi su gano juna a layi, suke aiki har ka iya yi wa ƙaninka bayani da Hausa. Ka koyi matse kan wayar sadarwa da hannunka. Ka lalata na'urar gwajinka da gangan ka dawo da ita daga ajiya, domin ajiyar da ba a taɓa gwada dawo da ita ba zato ce kawai. Takardun shaidar ƙwarewa a layukan sadarwa irin su CCNA suna taimakawa wajen samun ganawa, amma a ganawar tambayar da zan yi maka ita ce: an ce intanet ba ya yi a ofis, me za ka fara dubawa? Wanda ya ce zai fara duba ko wayar na jone, shi nake ɗauka. Sannan ka saba rubuta duk abin da ka sauya da ranar da ka sauya shi a littafi. Da haƙuri da mutane. Wanda ya kira ka a firgice ba ya buƙatar ka nuna masa bai iya ba.

Tambaya: Malam, don Allah tsakani da Allah, kuna ganin abin da muke yi a kwamfutar ofis? Ina amfani da shafin sirri na burauza, ya isa? — Wata ma'aikaciya, Abuja

Amsa: Hajiya, shafin sirrin nan abin da yake yi kawai shi ne kada kwamfutar ta riƙe tarihin inda kika shiga, don wanda zai zauna bayanki. Layin ofis bai san da shi ba. Idan kina kan intanet ɗin ma'aikata, ko da wayarki ce, ana iya ganin sunan shafin da kika je da lokacin da yawan datar da kika ci. Abin da kika rubuta a ciki galibi a rufe yake, saƙonnin WhatsApp ma haka. Amma idan kwamfutar ta ofis ce, ma'aikata na iya saka mata abin da zai ga fiye da haka, kuma imel ɗin aiki na ma'aikata ne, mai kula da shi yana da hanyar buɗewa.

Ko muna dubawa? Mai mutunci ba ya yi sai da umarni a rubuce da dalili, amana ce, kuma tun 2023 akwai dokar kare bayanan mutane a Najeriya. Ban da haka ma ba mu da lokacin. Abin da ke jawo idona shi ne layi ya yi nauyi da ƙarfe goma na safe in duba in ga na'ura ɗaya tana sauke fim. Harkar gida da ta banki da neman wani aikin, ki yi su a wayarki da datarki.

Tambaya: Ɗana, wani ya kira ni ya ce daga ƙungiyarmu ta tsofaffin ɗalibai yake, za a yi taro ta intanet, in karanto masa lambar da aka turo mini. Na karanta. Yanzu WhatsApp ɗina ya fita daga hannuna, ana ta roƙon mutane kuɗi da sunana. — Wani dattijo, Katsina

Amsa: Baba, sannu, abin ya ci mutane da yawa, har da masu ganin sun waye. Lambobi 6 ɗin nan su ne mabuɗin, da su ya buɗe asusunka a wayarsa. Amma layin yana hannunka, don haka kai ke da rinjaye. Ka buɗe WhatsApp ka sake saka lambar wayarka, za a turo sabbin lambobi, kana saka su an fitar da shi. Idan ya riga ya saka wata lambar sirri tasa, za a sa ka jira kwana 7, amma shi an riga an kore shi tun lokacin da ka saka lambobin. Kafin nan a sa yara su kira 'yan'uwa da abokai, a kuma sanar a ƙungiyar, kada kowa ya tura ko sisi. Da ya dawo hannunka, a shiga Settings, sai Account, sai Two-step verification, ka saka lambar sirrinka da adireshin imel. Kuma duk lambar da ta shigo wayarka ta saƙo, ta WhatsApp ce ko ta banki, ba a karanta wa kowa, ko da muryar ta yi kama da ta wanda ka sani.

Tambaya: Me ya sa duk abin da aka kawo muku sai ku ce a kashe a kunna? Ba raina mana hankali ba ne? — Wani akawu, Sakkwato

Amsa: Ko kaɗan, Malam. Manhaja idan ta daɗe tana aiki takan riƙe wurin da ya kamata ta saki, ko ta maƙale tana jiran abin da ba zai zo ba. Kunnawa daga farko yana share wannan duka, kuma yana gaya mini wani abu: idan matsalar ta dawo bayan nan, to ta gaske ce, sai in taso. Sai dai a Windows ka zaɓi Restart, ba Shut down ba. Akwai wani tsarin saurin buɗewa da ke sa Shut down ya adana wani sashe na halin da na'urar take ciki ya dawo da shi gobe, har da matsalar. Rufe murfin laftof kuwa ba kashewa ba ne, barci kawai ta yi. Akwai ta wani abokin aikinmu da na duba na tarar ta fi wata biyu rabonta da a kunna ta daga farko, shi kuma yana rantsuwa kullum sai ya kashe ta kafin ya tashi.